Lacca: Yadda Sanyi Ke Cin Ƙashin Yatsa Ya Lalata Farce

Assalamu alaikum. To jama'a, kowa ya dubi kan yatsansa. Ƙarƙashin farcen nan akwai ɗan ƙashi mai faɗin kai, shi ya tallafe farce ya ba shi siffarsa.

Idan sanyi ya tsananta, jiki kan tsuke jijiyoyin jinin hannu da ƙafa don ya tattala ɗumi ga zuciya da ƙwaƙwalwa. Yatsu ne ke kwana ciki. In abin ya kai ga ruwan cikin nama ya daskare, ƙananan jijiyoyi kan ji rauni, jini ya yi guda ya toshe su. Fata za ta iya warkewa, mutum ya ɗauka magana ta ƙare. Sai bayan watanni a ɗauki hoton ƙashi, a tarar kan ƙashin ya zaizaye. Daga nan farce ya gajarce ya yi faɗi, ko ya lanƙwaso ya rufe kan yatsa kamar bakin aku. Wani ya yi tsagi a gicciye, wani ya fita gaba ɗaya.

Na yara ya fi tayar mini da hankali. Ƙashinsu na tsawo ne daga wani guringuntsi da ke kusa da gaɓa, in sanyi ya kashe shi, yatsan ya tashi gajere ko a karkace. Sau da yawa babban yatsa kan tsira, saboda yaro in ya ji sanyi sai ya dunƙule hannu ya ɓoye shi a ciki.

Amma fa ba sai da ƙanƙara ba. Akwai larurar da likitan Faransa Maurice Raynaud ya bayyana a 1862: ɗan sanyi kaɗan, yatsu su yi fari, su yi shuɗi, sannan su yi ja. A yawancin mutane ba ta taɓa ƙashi. In ta haɗu da ciwon taurin fata ne ake ganin zaizayewar. Kuturta ma kan ci ƙashin yatsa, shi ya sa likita ba ya ɗora wa sanyi laifi sai ya bincika.

Wanda yatsansa ya daskare, kada a murza masa, kada a kanga a wuta. Sojojin Napoleon da suka janye daga Mosko a 1812 sun yi ta gasa hannu a wuta da dare, gari ya waye ya sake daskarewa, ɓarnar ta ninku. A tsoma hannun a ruwan ɗumi mai digiri 37 zuwa 39, shi ma sai an tabbata ba zai koma cikin sanyin ba. Mai shan taba kuma ya dakata, don tana ƙara tsuke jijiyoyin.