Sakan 13 a Cikin Keji: Shin Kisan Gaggawa Yana Wajabta Ramuwa?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Sharhinmu na yau ya samo asali ne daga wata gardama da na tarar a teburin wani mai shayi da ke Kwangila, a nan Zariya, inda wasu matasa suka haɗa kawunansu a kan waya guda suna maimaita wani ɗan gajeren bidiyo na damben keji, wato wasan da ake kira MMA, wanda ake gwama naushi da shuri da kokawa a cikinsa. Kafin mai shayin ya gama kaɗa ƙwai a kofi sun kalli faɗan sau uku daga farkonsa har ƙarshensa. Wani daga cikinsu ya dage cewa sa'a ce kawai, kuma da an sake haɗa mutanen biyu da labari ya sha bamban. Abokinsa kuwa ya ce masa kisa kisa ne, ko a turmin farko aka yi shi ko a na uku.

Faɗan da suke kallo shi ne wanda aka yi a birnin Las Vegas na Amurka ranar 12 ga Disamba, 2015, tsakanin José Aldo ɗan Birazil da Conor McGregor ɗan ƙasar Ailan. Aldo ya shiga kejin yana riƙe da kambin ajin masu nauyin kilo 66 na UFC, babban kamfanin da ke shirya wannan wasa, kambin da ya kare har sau 7, kuma ya shafe shekara 10 ba wanda ya yi galaba a kansa. Da aka buɗe fage ya zabura gaba ya kai naushin hagu, McGregor ya ja da baya taku ɗaya ya tare shi da nasa hagun a muƙamuƙi, Aldo ya kife, aka bi shi da duka biyu a ƙasa, alƙalin wasa ya shiga tsakani. Sakan 13 ke nan. Tambayar da ta rage tun daga ranar, kuma take dawowa duk lokacin da aka sumar da wani gwani cikin ƙiftawar ido, ita ce ko saurin kisan da kansa hujja ne da zai sa a sake haɗa su.

Kunnen Bahaushe yana saurin karɓar amsar e, domin mun saba da damben gargajiya, inda ɗan Kudu zai kashe ɗan Arewa yau, bayan 'yan kwanaki a sake sa musu zare a wani filin, makaɗa su zuga wanda aka kashe har ya fito neman ramuwa. A wurinmu kisa ɗaya ba ya rufe magana, saboda ɗan dambe yana shiga fili sau da yawa a kaka guda. Tsarin damben keji ba haka yake ba. Mai riƙe da kambi yakan yi faɗa sau biyu ne a shekara, in ya yi ƙoƙari sau uku, kuma a bayansa akwai jerin mutanen da kowannensu ya ci faɗa huɗu ko biyar a jere yana jiran a kira shi. Duk karon ramuwar da aka shirya, to an ɗauke wa wani daga cikinsu rabin shekara ne daga ƙuruciyarsa, ita kuwa ƙuruciyar ɗan dambe ba ta da tsawo.

Masu cewa a sake suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Safar hannun da ake sa wa a wannan wasa ƙarama ce, nauyinta kusan rabin na safar damben boksin ne, saboda haka naushi ɗaya da ya sauka daidai a haɓa yana iya kashe wutar kowane ƙato, komai gwanintarsa. Faɗan kambi turmi biyar ne, kowane turmi minti biyar, kuma mutanen biyu sun yi watanni suna shirya kokawarsu da numfashinsu da dabarun ƙasa, amma ba a ga ko ɗaya daga ciki ba. Wanda ya hana idonsa barci, domin manyan faɗan Amurka sukan faɗo mana ne daf da kiran sallar asuba, yana da haƙƙin ya ji cewa an ba shi amsar tambayar da ba ita ya yi ba. Ya zo ya ga wanda ya fi iya faɗa, sai aka nuna masa wanda ya riga kai hannu.

Tarihi ma ya taɓa mara musu baya. A watan Nuwamba na 2011, Junior dos Santos ya sumar da Cain Velasquez cikin sakan 64 ya karɓe kambin masu nauyi, a lokacin da Velasquez ya dawo daga jinyar kafaɗa bayan fiye da shekara guda bai shiga keji ba. Da suka sake haɗuwa a Disambar 2012, Velasquez ya yi minti 25 cur yana jibgarsa a tsaye da kwance, sannan ya maimaita masa a Oktoban 2013. Duk wanda ya kalli faɗan nan uku ya san cewa sakan 64 ɗin farko ba su faɗi gaskiyar wanda ya fi wani ba. Sai dai akwai abin da masu kafa hujja da wannan labari sukan tsallake, wato ba a miƙa wa Velasquez ramuwa a faranti ba. Sai da ya koma ya doke Antonio Silva a watan Mayun 2012 kafin a sake buɗe masa ƙofa, kuma haka Georges St-Pierre ya yi bayan Matt Serra ya ba shi mamaki a turmin farko a 2007, ya ci faɗa biyu tukuna, sannan ya karɓo kambinsa daga hannun Serra a 2008.

Inda na rabu da saurayin nan na teburin shayi shi ne a kan kalmar sa'a. Mun saba cewa sa'a ta fi manyan kaya, amma yawancin abin da ɗan kallo yake kira sa'a a cikin keji aiki ne da aka yi a ɓoye. An nuna hoton McGregor a ɗakin shiri, kafin a fito, yana gwada wannan ja da baya da wannan hagun, domin ya karanci cewa Aldo, wanda aka yi watanni ana tsokanarsa da baki, zai fito a fusace. Haka kuma kisan da ya fi kowanne sauri a tarihin UFC, wanda Jorge Masvidal ya yi wa Ben Askren cikin sakan 5 a watan Yulin 2019, ba daga sama ya faɗo ba. Askren ɗan kokawa ne da ya wakilci Amurka a gasar Olamfik ta 2008, kuma kowa ya san cewa da an fara zai sunkuya ya nemi ƙafafu. Masvidal ya jingina da keji, hannuwansa a baya kamar mai jiran mota, sannan ya sheƙo da gudu ya yi tsalle ya haɗa gwiwarsa da kan da ya san zai sunkuyo. Wanda ya gano inda ɓarakar abokin karawarsa take, ya shiga ta nan tun kafin a yi gumi, bai kamata ladansa ya zama a ce ya dawo ya sake tabbatarwa ba, alhali wanda ya yi ta jan ƙafa har turmi biyar an sallame shi da nasararsa.

Akwai saurin da ni ma nake ganin ya wajabta a sake, shi ne wanda ba hannun abokin karawa ne ya kawo shi ba. A Landan, cikin Yulin 2022, gwiwar Tom Aspinall ta goce sakan 15 da fara faɗansa da Curtis Blaydes, ya faɗi yana riƙe da ƙafa, aka ɗaga hannun Blaydes. Wannan tsautsayi ne, ba kisa ba, kuma da aka sake haɗa su a Manchester bayan shekara biyu Aspinall ya gama da shi cikin minti guda. Irinsa ne kuma idan alƙali ya yi gaggawar tsayar da faɗa mutum yana cikin hayyacinsa, ko aka tsone ido, ko aka yi karo da kai.

To, ina matsayin Aldo? A ganina ya cancanci a sake ba shi dama, amma ba don sakan 13 ba, sai don shekara 10 da suka gabace su. Wannan shi ne ma'aunin da aka yi wa ɗan ƙasarmu Kamaru Usman, haifaffen Auchi, wanda ya kare kambinsa sau 5 kafin Leon Edwards ya same shi da shuri a ka saura ƙasa da minti guda a tashi, a watan Agustan 2022. Ba wanda ya yi jayayya da aka ba shi ramuwa kai tsaye, ko da yake a Landan, a watan Maris na 2023, alƙalai sun ba Edwards nasara. Askren kuwa faɗansa na biyu ke nan a kamfanin, ba shi da kambi, ba shi da wani bashi da yake bin kowa, saboda haka rashin sake haɗa su bai zalunce shi ba. Tsakanin waɗannan biyu akwai Zhang Weili ta ƙasar Sin, wadda sau ɗaya tak ta kare kambinta kafin Rose Namajunas ta sumar da ita da shuri cikin sakan 78 a Afrilun 2021. An ba ta ramuwa nan take a watan Nuwamba, ta sake faɗuwa da ƙyar a hannun alƙalai, yayin da Carla Esparza, wadda ta ci faɗa biyar a jere, take zaune tana jira har sai watan Mayun 2022.

Wani abin da 'yan kallo ba su cika sa shi a lissafi ba shi ne ƙwaƙwalwar wanda aka sumar. Suma a cikin keji rauni ne, domin ƙwaƙwalwa ce take girgiza a cikin ƙoƙon kai, shi ya sa hukumomin wasanni na jihohin Amurka suke dakatar da wanda aka sumar na tsawon makonni, su hana shi ko atisayen da za a taɓa kansa har sai likita ya sallame shi. Ramuwar gayya tana da daɗin faɗa a baki, amma mayar da mutum gaban hannun da ya kashe masa wuta watanni kaɗan da suka wuce, kafin ya sake gwada haɓarsa da zuciyarsa a kan wani, ba lallai ne gata aka yi masa ba. Hanyar da Velasquez ya bi ta fi kama da adalci ga kowa, har da shi kansa.

Sai dai kada mu yaudari kanmu cewa da waɗannan ma'aunai ake yanke hukunci. UFC kamfani ne mai sayar da kallo, ba hukuma mai jadawalin da ya hau kan kowa ba, kuma faɗan da zai fi kawo kuɗi shi ne yake samun rana. Bayan daren nan na Las Vegas, McGregor ya bar ajin gaba ɗaya, ya kara da Nate Diaz sau biyu a 2016, inda shi McGregor, da ya sha kashi a karon farko, aka ba shi ramuwa cikin ƙasa da wata shida, sannan ya doke Eddie Alvarez a birnin New York ya ƙara kambi na biyu. Kambin da ya karɓe daga hannun Aldo bai kare shi ko sau ɗaya ba har aka janye shi a ƙarshen shekarar, aka mayar wa Aldo, wanda ya riga ya doke Frankie Edgar a watan Yuli yana jiran a cika masa alkawarin haɗuwa ta biyu. Ya ci faɗan da ake cewa a ci kafin a dawo, ya kuma zo da tarihin da ya fi na kowa a ajinsa, amma shi da McGregor ba su sake shiga keji ɗaya ba.