Manhajar saurin tashin kwamfuta ta kashe maka wasu abubuwa? Ga yadda ake dawo da su

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Ka saka wata manhaja a kwamfutarka ta tafi-da-gidanka don ta riƙa tashi da wuri, ka danna maɓalli ɗaya, ta ce ta gyara komai. Washegari ka kunna, maɓallan haske da na sauti sun daina aiki, wurin goga yatsa ya ƙi jan shafi da yatsu biyu, wani lokacin ma Wi-Fi ya ɓace ɓat. Kwamfutar lafiyarta ƙalau. Manhajar ce ta hana wasu ƙananan shirye-shirye tashi tare da Windows, ta haɗa na banza da na dole ta yi musu kuɗin goro.

Kada ka yi saurin goge manhajar don haushi. Da yawansu suna ajiye jerin abin da suka kashe a cikinsu, a sashen Restore ko Undo. In ka goge ta kafin ka mayar da abubuwan, jerin na iya tafiya da ita. Fara mayarwa tukuna.

In hakan bai yi ba, danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe. A Windows 10 ka shiga Startup, a Windows 11 kuwa Startup apps. Duba duk wanda aka rubuta masa Disabled. Ka ga Realtek? Na sauti ne. Synaptics ko ELAN na wurin goga yatsa ne. Duk mai kalmar Hotkey, shi ke sa maɓallin Fn aiki. Danna dama a kansa, zaɓi Enable. Su Spotify da Teams da Steam kuwa bar su a kashe, ranar da kake buƙatarsu ka buɗe da hannunka.

Kalli layin Startup impact. High na nufin shirin ya ci fiye da daƙiƙa 1 na aikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ko fiye da megabait 3 na karatu da rubutu a faifai. Low kuwa ƙasa da milisakan 300 ne. Kashe mai Low wahalar banza ce, ba za ka ji bambancin ba.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Bayan kowane gyara, Restart za ka danna, ba Shut down ba. Tun Windows 8 a 2012 akwai tsarin Fast Startup, wanda ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya: yana adana zuciyar Windows da direbobi (ƙananan manhajojin da ke sa sassan kwamfuta aiki) a faifai, ya ɗauko su yadda suke in an kunna. Sai ka gyara abu daidai, ka kashe ka kunna, matsalar na nan, ka zaci gyaran ne bai ci ba.

Wi-Fi ko sauti har yanzu shiru? To manhajar ta taɓa ayyukan bayan fage. Danna maɓallin Windows da R, rubuta services.msc. Nemo WLAN AutoConfig da Windows Audio, ka tabbatar kowanne yana kan Automatic, sannan ka danna Start.

Idan ba ka san wane aiki ne aka kashe ba, sake danna maɓallin Windows da R, rubuta msconfig, shiga Services. Kafin ka taɓa komai, sa alama a Hide all Microsoft services. Wannan ba na wasa ba ne: kashe ayyukan Microsoft na iya sa lambar PIN ta ƙi buɗe maka kwamfutar. Daga nan ka kunna rabin waɗanda ke kashe, ka yi Restart. In abin ya dawo, yana cikin rabin nan. In bai dawo ba, yana ɗaya rabin. Ci gaba da rabawa. Ko ayyuka 40 ne, gwaji 6 ya isa ka kama shi.

Mai son ganin komai a wuri ɗaya ya sauko da Autoruns daga shafin Microsoft, kyauta ne. Layi mai launin rawaya na nufin fayil ɗin ba ya nan kuma. A cikin Autoruns, in za a kashe abu, cire alama kawai ake yi, ba a danna Delete, don abin da aka goge ba ya dawowa. In kuwa manhajar gogewa ta yi tun farko, danna maɓallin Windows da R, rubuta rstrui ka mayar da Windows ranar da ta gabaci saka ta, ko ka duba lambar samfurin a ƙarƙashin kwamfutar ka sauko da direban daga shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Saura jinkirin da ya sa ka nemi manhajar. A Task Manager, shiga Performance ka kalli Disk. In an rubuta HDD, wato faifai mai juyawa, kuma yana maƙale a kashi 100 mintuna bayan kunnawa, faifan ne ya gaza, galibi mai juyi 5400 a minti. Babu manhajar da za ta ƙara masa gudu. Canza shi da SSD, faifai mara juyawa wanda ya fi shi gudu, ko mai gigabait 256 ne.