Sharhi: Masu Bin Sawun Dangin da Suka Ɓace

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau kan wasu bayin Allah ne da ba su da ofis, ba su da albashi, amma sun ɗora wa kansu aikin bin salsalar gidaje da nemo dangin da aka daɗe da rabuwa da su. A cikinsu za ka sami malamin makaranta da ya yi ritaya, da ɗalibin tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, har da direban da ke zirga-zirga tsakanin Illela da Ƙonni, wanda ake ba saƙon cigiya ya kai tasha-tasha.

Gidan sarauta ba ya rasa mai riƙe masa asali. Maroƙa da sanƙirori suna jero kakanni a kirari, malamai kuma sun rubuta. Marigayi Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya ƙarar da rayuwarsa wajen adana tarihin Daular Sakkwato, ga kuma cibiyar tarihi mai sunansa nan cikin gari. To talaka fa? Abin da ya mallaka shi ne abin da wata tsohuwa ke tunawa a ɗakinta. Ranar da Allah ya karɓi ranta, sunayen mutum goma ko ashirin sun tafi tare da ita.

Ga shi kuwa ƙasar nan ta yi rabuwa da 'ya'yanta ba kaɗan ba. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas, jama'a suka bar gonaki da gidaje suka bi shi. Ya yi shahada a Burmi cikin watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka rage har Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau kusa da Sinnar. Bayansu akwai masu zuwa Makka a ƙasa, waɗanda kan tsaya noman auduga a Jazira ta Sudan don neman guzuri, wasu su yi aure su zauna ke nan. Akwai fataken goro da suka nufi Gwanja suka kafa iyali a zangon Kumasi. Akwai samarin da aka ɗauka soja aka kai su ƙasar Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu. Kowane ɗaya daga cikinsu ya bar uwa ko mata tana jiran labari.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake wannan aiki ba sai ya zaci hira ce kawai. A ce mai bincike ya shiga gida da sallama, an shimfiɗa masa tabarma, ya tambayi tsohuwa sunan mijinta da ya tafi bai dawo ba. Ba za ta faɗa ba. Alkunya ba ta bar ta ta ambaci sunan miji ko na ɗan fari, ko da ta kai shekara casa'in. Sai ta ce "mai gidan nan", ko "mai sunan malam". Dole ya koma wajen ƙanwar mijin ko wata maƙwabciya sa'arta. Ya tambayi shekara, nan ma babu lamba. Za ta ce ai tana goyon fari aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar. Mai bincike ya san 1938 ke nan, sai ya rubuta. Daga nan ya bi sauran alamomi: wace tsaga ce a fuskarsa, ta Gobirawa ko ta Kabawa, wace sana'a ya gada, da ayarin wa ya tafi, wa ya yi masa ganin ƙarshe.

Takardu ma suna da tasu wahalar. Sojan mulkin mallaka akan rubuta shi da sunansa da na garinsu, don haka a kundin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, wanda kowa zai iya dubawa a intanet, sunaye masu ƙarewa da "Sokoto" suna da yawa. Wanne ne kakanka? Sai an haɗa da lambar soja, wadda wani lokaci akan same ta a jikin tsohuwar lambar yabo da aka ajiye a adaka. Wasu sukan kai har ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, da kuɗin aljihunsu. Yanzu waya ta rage nisa: a ɗauki muryar tsohuwa, a tura ta WhatsApp zuwa wani Bahaushe a Sudan ko Gana, ya zagaya da ita majalisar dattawa.

Ba kullum ake samun mai rai ba. Sau da yawa abin da ake samowa shi ne inda aka binne mutum, da sunayen 'ya'yan da ya bari. Kada a raina wannan. Gidan da ya yi shekara hamsin bai san ko ya yi zaman makoki ko ya ci gaba da jira ba, yanzu ya san wa zai yi wa addu'a, ya kuma san wa ke da haƙƙi a gado. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hore mu da mu san nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi.

Ina da jan hankali ga masu wannan aiki. Akwai masu son a ƙaga musu asali, a jingina su da gidan Shehu ko wani gidan sarauta. Kada ku yarda. Wanda kakansa maƙeri ne ko majemi, a rubuta masa haka, abin alfahari ne. Akwai kuma abin da bincike kan tono, kamar zancen bauta, wanda sirrin gida ne. A miƙa wa masu shi, ba a baza shi a Facebook ba. Sannan a riƙa rubuta sunayen mata, domin salsalarmu ta cika bin maza kaɗai, alhali yawancin labarin daga bakin mata ake samunsa.

Kuma rabuwar ba ta tsaya a zamanin kakanni ba. Ta'asar 'yan bindiga a Sabon Birni da Isa da Rabah ta tarwatsa ƙauyuka, dubban mutane sun tsallaka jihar Maradi tun 2019, wasu yara sun taso a hannun da ba na iyayensu ba. Ƙungiyar Red Cross tana karɓar rahoton waɗanda suka ɓace, gidajen rediyo suna karanta cigiya, amma hakan bai wadatar ba. Ya kamata hakimai da masu unguwanni su buɗe littafi a duk inda 'yan gudun hijira suka sauka, a rubuta sunan yaro da na uwa da uba da ƙauyen da aka fito, tun akwai waɗanda suka sani a raye. Masu bin salsalar nan sun iya aikin, a kira su a ba su takarda da kuɗin mota.