Kan Sarkin Doar Ivri: Me Ya Sa Rubutun Ya Zama Iri Biyu?

Doar Ivri shi ne kan sarkin Isra'ila na farko. An fara sayar da shi ranar 16 ga Mayu, 1948, kwana biyu bayan ayyana ƙasar Isra'ila. Amma duk dubanku ba za ku ga sunan ƙasa a jikinsa ba. Lokacin da ake buga shi a ɓoye a Tel Aviv ba a riga an tsayar da suna ba, sai aka rubuta "Doar Ivri", wato gidan wayan Ibraniyawa. Guda tara ne, Otte Wallish ya zana su, kowanne da hoton tsohon sulen Yahudawa na zamanin tawayensu ga Rumawa.

To, ga inda ake ta gardama. Wasu na cewa rubutun jikin sulallan ba Ibrananci ba ne, tunda bai yi kama da na kan sarkin ba.

Harshe ɗaya ne, baƙaƙen ne suka bambanta, kamar Hausa a ajami da Hausa a boko. Waɗannan masu kusurwa huɗu da ake gani a jaridun yau daga rubutun Aramiya suka samo asali. Masu ƙaho-ƙahon nan na jikin azurfar kuwa su ne tsofaffin baƙaƙen Ibrananci. Abin mamakin shi ne, ko a shekara ta 66 miladiyya, da Yahudawa suka yi wa Rumawa tawaye, an daɗe da barin su a rubutun yau da kullum. Da gangan 'yan tawayen suka koma gare su, don su jingina kansu da zamanin kakanni. Bar Kokhba, jagoran wani tawayen Yahudawa ga Rumawa, shi ma haka ya yi a shekara ta 132. A ganina wannan siyasa ce tsagwaronta.

A fuskar sulen azurfar 'yan tawayen 66 akwai hoton kofi, a gefensa an rubuta "Shekel na Isra'ila" (shekel sunan kuɗin ne). Juya bayan, reshen rumman uku, da "Kudus mai tsarki".

Da yake mai aika wasiƙa a 1948 ba lallai ya iya karanta wannan ba, sai aka bar 'yar takarda a ƙasan layin ƙarshe na kowane falle, ɗauke da bayanin sulallan da baƙaƙen zamani. Da yawa sun yage ta sun yar, bayin Allah. Yau masu tara kan sarki ita suke fara nema kafin su taya.