Bana Babu Walima, Kowa Ya Zauna Gidansa

Ma'aji, ɗan dakata da rahoton kuɗi tukuna, zan ba ka dama. Wanda bai kashe makirfonsa ba ya kashe, ina jin ƙarar tukunya daga gidan wani. Yauwa.

Da asubar nan ta Lahadi, 20 ga Disamba, 2020, na yi waya da iyalin ɗan'uwanmu da ke asibiti da cutar korona. Yau kwanansa tara a kwance, huɗu daga ciki na'ura ce ke yi masa numfashi. Matarsa ba ta sake sa shi a ido ba tun ranar da motar asibiti ta ɗauke shi a ƙofar gida. Sai dai ma'aikaciyar jinya ta kara masa waya a kunne, ita kuma tana falo tana ta karanto masa addu'a, ba ta san ko yana ji ba. Ita ma a killace take da yara uku. Kun san shi. Shi ne mai cika bayan motarsa da tabarmi duk ranar Idi, shi ne mai tsayawa shara bayan kowa ya watse. Kun kuma san inda ya kwaso ta, domin da yawanku kuna wurin sunan nan. Ban kira sunan kowa ba, ba kuma zan kira ba.

Ina cikin wannan juyayi sai ga saƙo a zaurenmu na WhatsApp, wai tunda ba a ba da hayar ɗakin taro, a raba walimar ƙarshen shekara gida-gida ranar 26 ga wata. Har an fara rabon aiki, wance za ta soya masa, wane zai kawo farfesun kayan ciki. Haba jama'a! Mutuminmu yana can tsakanin rai da mutuwa, mu muna nan muna lissafin farfesu?

Ga wanda bai ji labarai ba, jiya Asabar, 19 ga Disamba, Firaministan Birtaniya Boris Johnson ya fito ya janye sassaucin dokar kulle da aka yi alkawari don Kirsimeti. Da an ce daga 23 zuwa 27 ga wata gidaje uku za su iya haɗuwa. Mu nan Landan da kewayenta wannan ta wuce, daga yau Lahadi muna mataki na huɗu na dokar kulle. Ba shiga gidan kowa, ko ranar Kirsimeti. Abin da aka yarda shi ne ka haɗu da mutum ɗaya tak a waje, a fili. Shagunan da ba na abinci ko magani ba an rufe, har da masu aski. 'Yan'uwanmu na Manchesta da Bamingam da ke kan layi, ku an bar muku ranar 25 kaɗai. Dalilin da suka bayar shi ne sabon nau'in cutar da ya ɓulla ta wajen Kent, wanda suka ce saurin yaɗuwarsa zai iya fin na da da kashi 70 cikin 100. Tarar farko fam 200 ce, tana ninkawa har 6,400, wanda kuwa ya shirya taron da ya haura mutum 30 zai iya cin tarar fam 10,000. Kada kowa ya kira ni ya ce ƙungiya ta taimaka masa da kuɗin tara. Ko sisi.

Na san abin da ke cin ran wasunku, don ni ma ya ci nawa. Daren jajibirin Babbar Sallah, 30 ga Yuli, an gama cefane, an gama ƙunshi, sai kawai aka sanar cewa mutanen Manchesta da Bradford da maƙwabtansu kada su ziyarci juna. Sannan aka zo aka ware wa Kirsimeti kwana biyar. Abin ya yi ciwo. To ga shi su ma ta same su, kuma ba abin dariya ba ne, domin a cikinmu akwai 'yan'uwa Kirista daga Zariya da Kafanchan da Jos da suka saba tara mu a gidajensu kowace shekara. Mun ci shinkafarku, mun sha zoɓonku, bana ku yi haƙuri kamar yadda muka yi da Sallah. An bar coci da masallaci a buɗe, amma sharaɗin shi ne ka yi ibadarka da mutanen gidanka ka kama hanya. Tsayuwar nan ta bakin ƙofa bayan Juma'a, ana musabaha ana tambayar mutanen gida har rabin sa'a, ita ce ba a so.

Ku bari in faɗa muku inda muke yaudarar kanmu. Wani ya ce mini ai a gida ana ta biki, ga hotuna nan daga Kano kullum. To a gida ina ake taron? A ƙofar gida ake yi, ƙarƙashin rumfa, ko a tsakar gida, iskar hunturu na kaɗawa ta ko'ina. Mu kuma mun ɗauko wannan al'ada mun cusa ta cikin falon da bai fi shagon tela ba, mun rufe tagogi ruf saboda sanyi, mun kunna na'urar ɗumama ɗaki, mutum ashirin suna numfashi cikin iska guda tun la'asar har dare. Ga hira da ƙarfi, ga dariya, ga hannu cikin tire ɗaya. Cutar nan a numfashi take tafiya, kuma mutum yana iya rarraba ta kwana biyu kafin ya ji ko ciwon kai. Ranar sunan nan babu wanda ya yi tari. Kowa lafiyarsa ƙalau a ido. Yau ga inda muke.

Wallahi ni ma ina kewa. Ƙarfe huɗu ba ta yi ba an kira magariba, ka leƙa taga ba ka ga kowa ba sai fitilun maƙwabta. Sai in tuna war haka a unguwarmu, an hura wuta a bakin layi, samari sun kewaye mai shayi, ƙafa duk ta yi furu-furu, tsofaffi sun naɗe kai da rawani suna jiran kunun tsamiya. Walimar nan tamu ita ce ɗan abin da ke rage mana wannan zafi, ni na fi kowa sani, da ni aka fara ta. Amma ban iya sake tsayawa a maƙabarta ina ƙirga mutane ba. Mutum 30 aka yarda su raka gawa. A watan Afrilu ni na tsaya a bakin ƙofa ina ce wa dattawa su koma mota, an cika.

Masu tikitin tafiya gida, da ku nake. A mataki na huɗu ba a yarda da fita ƙasar waje ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili irin na aiki, kuma tun safiyar yau ƙasashen Turai suka fara rufe ƙofa ga jiragen Ingila. Ko da an bar ka, wa za ka je ka runguma? Gyatumarka mai hawan jini da ciwon suga. Ba mu manta yadda aka yi ta binne dattawa a Kano a watan Afrilu ba. Manzon Allah (SAW) ya ce idan annoba ta ɓarke a ƙasar da kuke, kada ku fita don guje mata. Ka tura kuɗin tikitin a yi hidimar bikin da shi, amarya ba za ta ƙi tarewa don babu kai ba.

Maganar allurar rigakafi ta kamfanin Pfizer kuma. An fara ta ranar 8 ga watan nan a Coventry, da wata tsohuwa mai shekara 90. Na ga saƙonnin tsoron allurar da kuke turawa, na kuma san abin da sunan Pfizer ke tuna wa duk ɗan Kano tun gwajin maganin sanƙarau na 1996. Ba zan ce wa kowa ya manta ba. Amma ƙungiyar likitoci Musulmi ta Birtaniya ta duba wannan allura ta ce a karɓa, kuma 'ya'yanmu da ke aikin jinya, waɗanda muke alfahari da su, su ne a sahun gaba wurin miƙa hannu. Ɗan ƙasarmu Dakta Alfa Sa'adu, mutumin Patigi, yana cikin likitocin farko da cutar nan ta kashe a ƙasar nan, yana da shekara 68. In takarda ta zo wa tsohonka, ka kai shi. Sai dai sau biyu ake yin ta, mako uku tsakani, kuma da 'yan sama da 80 aka fara. Ba za ta cece mu a hutun nan ba.

Ga abin da za mu yi. Hajiya shugabar mata ta yarda za a dafa tuwo da miyar kuka da dambun nama, direbobinmu su kai wa ɗalibai da gwauraye. Ka ajiye a bakin ƙofa, ka ƙwanƙwasa, ka ja da baya. Ban ce ka shiga shan shayi ba. Wanda yake zaune shi kaɗai doka ta yarda ya jingina da gida ɗaya, gida ɗaya fa, ba yau nan gobe can ba. Sun ce zumunci a ƙafa yake, bana a waya yake, kowa ya ɗauki mutum uku ya riƙa kira. Wanda ya ji zazzaɓi ko tari, ko ya daina jin ƙanshi, ya kira 119 a yi masa gwaji, ya killace kansa kwana 10. In numfashi ya fara sarƙewa 999 za a kira, ba ni ba, ba malam ba. Ɗan'uwanmu sai da ya kwana uku yana sirace da citta da kanumfari kafin a kira.

Rahotanni a gurguje: makarantar Hausa ta yara tana nan a Zoom ranar Asabar, zaɓe an ɗage sai bayan azumi, kalandar bana ba mu buga ba, sakatare zai tura bayanin taron baya, wanda ke da gyara ya rubuto.

Saura kuɗin wata. Fiye da rabinku ba ku biya ba tun Ramadan. Na san aiki ya tsaya wa masu tasi da masu gadi, wanda ba shi da hali ya same ni a keɓe, babu mai ji. Amma wanda ya iya yin alkawarin farfesu zai iya biyan bashinsa. Daga asusun nan muke biyan hayar gidan ɗan'uwanmu na watan gobe, daga nan ake yi wa yaransa cefane, kuma kun san kabari a garin nan dubban fam ne, Allah Ya sa kada mu kai ga wannan. Wanda ya fara tura saƙon walimar, ina so in ga ya goge shi da hannunsa kafin isha'i.

Liman, ja mana addu'a ga ɗan'uwanmu. In an shafa, Ma'aji ka karanto sunayen waɗanda suka biya, sauran kowa ya san kansa.