Fodkas: Ranar Farko da Maus a Hannu

Hadiza: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ni da Malam Sani da Bashir za mu tattauna kan linzamin kwamfuta, wato maus. Malam, kai da kake shirya ɗalibai don jarrabawar JAMB, me ka fi gani?

Malam Sani: Malama Hadiza, tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015 nake ganin abu guda. Yaro ya san amsa sarai, amma ya ƙanƙame maus kamar za a ƙwace masa. Sai in ce ya saki jiki. Tafin hannu ya kwanta a kai, manuniya a maɓallin hagu, yatsan tsakiya a na dama, wuyan hannu kuma ya huta a kan tebur.

Bashir: Ni dai, Malam, inda na ga an fi shan wuya shi ne danna sau biyu.

Malam Sani: Nan ne gizo ke saƙar. Tsakanin dannawar farko da ta biyu sai hannun ya goce kaɗan. Kwamfuta kuwa sai ta ɗauka jan abin kake so ka yi, maimakon ta buɗe fayil sai ta matsar da shi wani wuri. Maganin shi ne a riƙe maus cik, yatsa kaɗai ya motsa. Wanda abin ya gagara ya danna sau ɗaya ya buga maɓallin Enter a kibod, zai buɗe. A saitunan Windows ma ana iya rage saurin da take buƙata, kuma dattawa na jin daɗin wannan sosai.

Hadiza: To maɓallin dama fa? Wasu tsoronsa suke ji.

Malam Sani: Ba ya ɓata komai, jerin zaɓi kawai yake fitowa da shi. In ba ka so, buga Esc ya ɓace.

Bashir: Akwai kuma wanda maus zai kai bakin tebur, ya rasa yadda zai yi. Ɗaga shi kawai ka dawo da shi tsakiya, kibiyar da ke allo ba za ta bi ka ba.

Hadiza: Amma Malam, an ce a JAMB ana iya amsawa da maɓallan kibod na A, B, C, D, a wuce gaba da N, a koma baya da P. Ina amfanin wahalar?

Malam Sani: Haka ne, kuma ina koya musu. Sai dai bayan jarrabawa akwai rajistar makaranta da cike fom da aikin ofis. Kuma ba wahala ba ce. Microsoft ta saka wasan kati na Solitaire a Windows 3.0 a 1990, mutane da dama a nan suka koyi jan abu su ajiye. Ni manhajar zane ta Paint nake buɗe wa ɗalibi in ce rubuta sunanka da maus.

Bashir: Roƙona ga masu koyarwa, don Allah ku daina karɓe maus daga hannun ɗalibi. Ku yi bayani da baki, shi ya danna, ko da zai ɗauki minti biyar.

Hadiza: Mun gode, Malam Sani, mun gode Bashir. Mako mai zuwa allon rubutu na kwamfuta, wato kibod, za mu taɓa, in Allah ya kai mu.