Shuɗiyar Fitilar da Ta Raya Garin Anan

Ka duba tocilan ɗin da ke bayan wayarka, ko fitilar sola da mai shayi ke ratayewa da daddare. Farin hasken nan asalinsa shuɗi ne, kuma daga wani ƙaramin gari na Japan, Anan, a lardin Tokushima, ya fara shiga kasuwa.

Masu nazarin yadda lantarki ke ratsa daskararrun abubuwa sun samar da irin wannan ƙaramar fitila, wadda ake kira LED, mai jan haske tun shekarun 1960, koriya ta biyo baya. Shuɗiya ce ta gagara, kusan shekara 30. Sinadarin da ya dace, galiyom naitirayid, taurin kai gare shi: duk lu'ulu'un da aka haɗa da shi sai ya fito a tsattsage. Manyan kamfanoni suka haƙura suka koma wani sinadarin.

A Jami'ar Nagoya, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano suka samu lu'ulu'u mai kyau a 1986. Can a Anan kuwa, Shuji Nakamura, ma'aikacin kamfanin Nichia, da hannunsa yake kwance injin gwajinsa, ya sauya bututu, ya sake ɗaurawa, har a 1993 shuɗiya mai haske ta fito.

Ga inda tsohuwar sana'a ta yi rana. Dama Nichia hodar da ke sa doguwar fitila da gilashin talabijin haske take yi. Sai suka shafa irin hodar nan, mai ba da haske ruwan ɗorawa, a kan shuɗiyar, idon mutum ya ga fari. A 1996 ke nan.

Kamfanin ya shiga sahun manyan masu ƙera LED na duniya, da dubban ma'aikata. A 2005 gwamnatin lardin ta fito da shirin jawo masana'antun LED, har suka haura 100. Abin sha'awa, tun fil azal Tokushima da rinin shuɗi aka san ta, kamar marinar Ƙofar Mata a Kano.

Shi kuwa Nakamura, tukwicin da ya ce kamfanin ya ba shi kan shuɗiyar fitilar yen 20,000 ne kacal, kuɗin Japan. Ya koma Amurka, ya kai ƙarar kamfanin, aka sasanta a 2005 kan yen miliyan 840. A 2014 shi da Akasaki da Amano suka karɓi kyautar Nobel.